Makaranta mai suna ko sabuwa: wacce ta fi shirya ɗalibin likitanci?

Ƙanena, ka ce ka samu gurbi a makarantun likitanci guda biyu, ɗaya tsohuwa mai suna, ɗaya sabuwa mai ƙyalƙyalin gine-gine, kana son sanin wacce za ta fi shirya ka wa jarrabawa. Na bi hanyar nan na fito, yanzu ma ɗalibai ke bi na zagayen safe na duba majinyata, don haka ga abin da na gani.

Da farko ka duba rajista. Ka nemi sunan makarantar a World Directory of Medical Schools, wato kundin sunayen makarantun likitanci na duniya, sannan ka tabbatar hukumar likitocin ƙasar da kake son yin aiki ta amince da ita. In babu wannan, an gama magana.

Bayan haka, bar kallon ɗakin lakca, je ka ga asibitin koyarwa. Nan ne ake gane makaranta. Ka tsaya da safe lokacin zagaye ka ƙirga ɗaliban da ke kewaye da gado ɗaya. In sun yi cincirindo har na baya yana ɗaga ƙafa yana leƙe, to wancan na bayan zai iya gama shekara bai taɓa ɗora hannu a cikin majinyaci ya ji kumburin saifa ba. Ya karanta a littafi cewa daga ƙasan ciki ta dama ake farawa a yi sama zuwa haƙarƙarin hagu, yana iya rera maka shi kamar karatun allo, amma yatsunsa ba su san abin da suke nema ba. Ka ja wani ɗan ajin ƙarshe gefe ka tambaye shi: haihuwa nawa ka karɓa da hannunka? Ka taɓa saka layin ƙarin ruwa? Manyan likitoci na zuwa su koyar, ko sunansu ne kawai a jikin allo? Shi zai gaya maka gaskiya, ofishin ɗaukar ɗalibai kuwa ba zai faɗa ba.

Dalilin da ya sa na nace a nan shi ne jarrabawar aiki, wato OSCE, wadda Ronald Harden da abokan aikinsa suka fito da ita a 1975. Tasha-tasha ce, kowace 'yan mintoci, ƙararrawa ta kaɗa ka matsa gaba. A nan ka ɗauki tarihin ciwo, can ka duba ƙirji, gaba ka yi wa mutum bayanin cutarsa. Hadda ba ta ceton kowa a wurin. Mai dubawa yana ganin yadda ka wanke hannu, ka gaisa, ka nemi izini kafin ka taɓa mutum, tuni ya san ko ka saba. Kashi na biyu na PLAB, jarrabawar da likitocin ƙasashen waje ke yi don yin aiki a Birtaniya, ma haka tsarinsa yake.

Jarrabawar rubutu kuwa, gaskiya ba sunan makaranta ke cin ta ba. Na ga 'yan makaranta mai suna sun faɗi, na ga waɗanda malamansu ba su cika shiga aji ba sun wuce lafiya. Bambancin yana wajen yadda ake karatu. Yawancin ɗalibai maimaita shafi suke yi suna ja masa layi da alƙalami mai launi, har ido ya saba da shi su ɗauka sun iya. Rufe littafin, ɗauki farar takarda, zana jijiyoyin hannu daga C5 zuwa T1, wato tushensu a lakar wuya da saman baya, da ka. Inda ka tsaya cak, nan ne karatunka na yau. Tun 1885 Ebbinghaus, wani Bajamushe mai binciken tunani da mantuwa, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokaci bayan koyo, shi ya sa bita da tazara ta fi kwanan zaune ana gobe jarrabawa. Manhajar Anki, ta bita da katunan tambaya da amsa, kan wannan aka gina ta, sai dai kada ka zama bawan kati, kana danna ɗaruruwa ba ka san dalilin komai ba.

Tsofaffin tambayoyi ka fara su tun makon farko na kowane kwas, kuma ka karanta dalilin da ya sa sauran amsoshin ba daidai ba ne. Ƙungiyar karatu kada ta wuce mutum uku ko huɗu, in ta wuce haka hira ce.

In kana hangen Amurka, ka sani tun Janairun 2022 USMLE Step 1, matakin farko na jarrabawar lasisin likita a can, ba ta ba da maki, ci ne ko faɗuwa, nauyin ya koma kan mataki na biyu, Step 2 CK, wadda tambayoyinta na kula da majinyaci ne. Don haka tsakanin makarantunka biyu, ni zan ɗauki wadda ɗalibinta ke samun gadonsa da majinyacinsa, ko da fentin bangonta ya ɓare. Ka je ka ga asibitocin biyu kafin ka karɓi gurbin, kuma ranar aiki za ka je, ba ranar da suka ware wa baƙi ba.