Amsa ga mai son zuwa ƙasar Sin karatun tarihin fim a dogon hutu

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce kana karanta aikin jarida da fim a jami'a, ka ga tallan wani shiri na 'yan makonni a ƙasar Sin lokacin dogon hutu, kana tambaya ko ya kai a kashe masa kuɗi, kuma ko wanda bai iya Sinanci ba zai ƙaru da wani abu. Na yi irin wannan shirin tsakanin Beijing da Shanghai, bari in gaya maka abin da na gani.

In da hali, ka je. Amma kada ka yarda a can za ka fara kallon finafinan. Wata guda ko makonni shida ba za su ɗauki tarihin da ya haura shekara ɗari ba. Wanda ya je hannu rabbana zai ƙare ne zaune a ɗakin kwanan ɗalibai yana kallon abin da zai iya kalla a gida kyauta, garin da ya biya kuɗin jirgi dominsa kuma yana waje yana jiransa. Kallo da karatu a gida ake yin su. Abin da kake saye da kuɗinka shi ne wuraren da aka yi abin, da ma'ajiyar tsofaffin finafinai, da zama cikin 'yan kallo Sinawa, da malamin da za ka tare bayan darasi ka yi masa tambaya.

Kafin ka biya ko sisi, ka tantance wane "fim ɗin Chanis" kake nufi. Wanda muka tashi muna gani a silima da bidiyo, na su Bruce Lee da Jackie Chan, kusan dukkansa aikin Hong Kong ne, daga kamfanoni irin su Shaw Brothers da Golden Harvest. In shi ne ya ja ka, shirin Hong Kong za ka nema, ka zauna a ma'ajiyar finafinansu da ke unguwar Sai Wan Ho, kuma ka sani takardar shiga can daban take da bizar babban yankin ƙasar Sin. Shirin Beijing ko Shanghai zai taɓo finafinan faɗa ne sama-sama. Amma zai nuna maka tushensa, abin da ni ya burge ni ƙwarai: a Shanghai kamfanin Mingxing ya fitar da Huoshao Hongliansi a 1928, fim ɗin takobi da tashi sama da ya yi farin jini har aka yi ta sakin ci gabansa kashi-kashi, sai gwamnatin lokacin ta haramta irinsa a farkon shekarun 1930 da hujjar yana cusa camfi. Su kansu 'yan gidan Shaw a Shanghai suka fara, da kamfanin Tianyi a 1925, kafin harkarsu ta koma kudu.

A ganina Shanghai ce zuciyar karatun, nan ya kamata ka fi daɗewa. Gaskiya ne fim na farko da Sinawa suka ɗauka a Beijing aka yi shi, Dingjun Shan, a 1905, inda aka ɗauki shahararren ɗan wasan gargajiya Tan Xinpei a wani shagon ɗaukar hoto, kuma ko guntunsa bai rage ba. Sana'ar kuwa a Shanghai ta kafu. Mafi tsufan cikakken fim da ya tsira na can ne, Laogong zhi Aiqing na 1922, bai kai rabin awa ba, kuma yana nan a intanet. Wani mai sayar da 'ya'yan itace ne yake son 'yar wani likita da ba ya samun marasa lafiya, sai ya yi dabara ya mai da matakalar wani gidan shaƙatawa abin zamewa, mutane suka yi ta faɗowa suna layi a wurin likitan. Ka fara da shi, za ka yi dariya.

Sai Shennü na 1934, wanda Wu Yonggang ya shirya, Ruan Lingyu ta fito a ciki. Na taɓa ganinsa a kwamfuta kafin tafiya, amma ranar da na gan shi a babban allo ne na gane abin da ake faɗa. Babu magana a fim ɗin. Wata uwa ce da talauci ya jefa cikin karuwanci, burinta ɗanta ya yi makaranta. Akwai wurin da take zare bulo ɗaya daga bango ta cusa 'yan kuɗinta a ramin, don ɓoye wa ɗan daban da ya mallake ta. Akwai kuma inda aka ajiye kyamara a ƙasa, kana hango ta rungume da jariri ta tsakanin ƙafafun mutumin, ya yi mata rumfa kamar ƙofar kurkuku. A ƙaramin allo wannan dabarar ɗauka ce kawai. A babban allo fuskarta ta cika bango, kana ganin yadda leɓenta ke rawa kafin hawaye ya zo. Wata tsohuwa da ke layin gabana ta kama kujera da hannu biyu har aka kunna fitila. Ruan Lingyu ta kashe kanta a watan Maris na 1935 tana da shekara 24, bayan jaridu sun sa rayuwarta gaba. Kai da kake karanta aikin jarida, wannan labarin naka ne kai tsaye, ka nemi malaminku ya tsaya a kansa.

Garin kansa darasi ne. Silimar Da Guangming da ke titin Nanjing, wadda aka sake ginawa a 1933, har yanzu ana nuna fim a cikinta. Ka sayi tikiti ka shiga ko da fim ɗin bai dame ka ba. Gidan tarihin fim na Shanghai, wanda aka buɗe a 2013 a filin tsohon kamfanin fim na birnin, a can za ka ji cewa taken ƙasar Sin na yau waƙar fim ce, Nie Er ya yi kiɗanta, Tian Han ya rubuta, ta fito a wani fim na 1935. Idan shirin ya faɗo a watan Yuni, ka yi sa'a, lokacin ne bikin finafinai na duniya na Shanghai, kuma suna nuna tsofaffin finafinan da aka gyara. Tikitinsu na ƙarewa da wuri.

A Beijing wuri biyu ne. Babban gidan tarihin fim na ƙasa yana can gefen gari, ƙato ne, yini guda ya ishe shi. Wanda na fi so shi ne ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Xiaoxitian, tana da silimarta da ake nuna tsofaffin finafinai a kai a kai, kuɗin shiga ba yawa. A nan matsalar harshe take fitowa fili, domin da dama daga abin da ake nunawa babu fassarar Turanci a ƙasa. Ga wani dalilin da ya sa na ce ka yi kallonka tun a gida: in ka riga ka san labarin, idonka zai huta daga karatu ya koma kan hoto. Darussan aji kuwa da Turanci ake yi a irin waɗannan shirye-shiryen, don haka rashin Sinanci ba zai hana ka ba. Ka dai koyi gaisuwa, ƙirge, da tambayar hanya.

Yanzu ga abin da mai talla ba zai gaya maka ba. Gidajen tarihin nan na gwamnati ne, kuma labarin da gwamnati ta yarda da shi suke bayarwa. Za ka ga an yi dogon bayani kan finafinan masu ra'ayin gurguzu na shekarun 1930, sannan a wuce shekarun 1966 zuwa 1976 da sauri, alhali a wannan lokacin ne aka kusan tsayar da shirya fim, aka wulaƙanta 'yan wasa da daraktoci, wasu suka rasa rayukansu. Matar shugaba Mao, Jiang Qing, wadda ta riƙe harkar al'adu a lokacin, ita kanta tsohuwar 'yar fim ɗin Shanghai ce da aka sani da Lan Ping. Da aka sake ɗaukar ɗalibai a makarantar fim ta Beijing a 1978, ajin da ya fita a 1982 shi ya ba duniya daraktoci Zhang Yimou da Chen Kaige da Tian Zhuangzhuang. Za a nuna maka kyautar da Zhang ya ciyo a bikin finafinai na Berlin a 1988 da wadda Chen ya ciyo a na Cannes a 1993, ana alfahari da su. Amma fim ɗin Zhang mai suna Huozhe, na 1994, ba a bari ya shiga silimun ƙasar ba, shi kuma Tian an dakatar da shi daga shirya fim saboda fim ɗinsa Lan Fengzheng. Waɗannan biyun ka kalle su kafin ka tashi. Malamanmu mutanen kirki ne, sun san komai, amma a cikin aji suna auna kalmominsu. In kana da tambaya mai nauyi, ka bari sai kuna tafiya ku biyu, kuma in ka ga ya kauce, ka ƙyale shi. Kai za ka koma gida, shi a nan yake cin abinci.

Batun zama ba shi da wahala yadda ake tsoratarwa. Bizar gajeren karatu ana kiranta X2, makarantar ce za ta turo maka takardar gayyata. Google da WhatsApp da YouTube ba sa buɗewa yadda ka saba, don haka ka sauke finafinanka da littattafanka tun daga gida, ka kuma buɗe WeChat, manhajar hira da kira ta can, ka koya wa wani a gida amfani da shi. Kusan komai da waya ake biya. Abincin halal kuwa ka nemi shagunan taliyar Lanzhou na Musulmi, suna ko'ina, galibi da koren allo. Juma'a a Beijing akwai masallacin Niujie, a Shanghai akwai na Xiaotaoyuan. Zafin Yuli mai gumi ne, ga ruwan sama, ka riƙe lema.

Wasu shirye-shiryen yawon buɗe ido ne da aka sa wa rigar karatu. Wani abokin tafiyata ya taɓa faɗawa irinsu, rabin lokacin a mota, daga Babbar Ganuwa sai kasuwa, sai ɗaukar hoto a dandalin shirya fim na Hengdian. Saboda haka ka rubuta musu kafin ka biya. Ka ce su turo jerin finafinan da za a kalla mako-mako da sunan malamin da zai koyar, ka bincika ko ya taɓa rubuta wani abu kan fim. Ka tambaya ko akwai kallo a ma'ajiya ko silima, ko duk a aji ne da majigi. In jerin ya fara daga Zhang Yimou, babu ko fim ɗaya na kafin 1949 kamar Xiaocheng zhi Chun na Fei Mu, kuma babu finafinan darakta Jia Zhangke a ƙarshensa, to ba tarihi za a koya maka ba, ka nemi wani. Sannan ka kai jerin wurin shugaban sashenku ya rubuta maka ko za a lissafa maka makin, kafin ka tafi ba bayan ka dawo ba. In sun turo maka, sa shi a nan mu duba tare.