Amsa ga ƙanena na Daura mai shirin zuwa karatun HPLC

Salamu alaikum ƙanena, ya mutan gida? Na ga saƙonka. Ka gama kimistiri a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, wani farfesa a nan Jamus ya ba ka aikin auna yadda sinadari ke shiga da fita cikin ƙwayoyin kolom, wato bututun injin HPLC mai rarraba sinadaran da ke gauraye cikin ruwa, kana tambayar me za ka shirya.

Tuna ranar hawan Sallah a Daura. Jama'a na bin ayari, wasu su faɗa lungu neman ruwan sha. In ayarin na tafiya a hankali, su fito su cim masa. In ya ɗau sauri, a bar su baya, taro ya watse. Lungunan su ne ramukan ƙwayar silikar da ke cikin kolom, watsewar kuma ita ce faɗin tudun da kake gani a zanen sakamako a kwamfuta. Van Deemter da abokan aikinsa sun rubuta lissafin tun 1956: H = A + B/u + Cu, inda H ma'aunin watsewar ne, u gudun ruwan, A bambancin hanyoyin da ake bi tsakanin ƙwayoyin, B bazuwar sinadari da kansa, C kuma jinkirin shiga da fita lungu. Wannan C ɗin shi ne abincinka. Saboda shi aka rage girman ƙwaya daga mikiromita 5 zuwa 1.7, don lungun ya gajarta, famfo kuwa ya sha wahalar matsi.

A takarda abin ba wuya: ka yi allurar samfur, ka canza gudun ruwan, ka auna faɗin tudun. A ɗakin gwaji ake gane dawan garin. B ma sai ka auna shi daban: ka tsayar da famfo samfurin na tsakiyar kolom, ka bar shi ya bazu da kansa na awanni, sannan ka kunna.

Ga inda na faɗi. Wata uku ina tara lambobi, ina ji da kaina, ashe siririn bututun da ke tsakanin allura da ditekta, wato na'urar da ke gano sinadarin in ya fito, yana ƙara nasa faɗin. Ranar da wani abokin aiki ya kwance kolom ɗin, ya haɗa bututun baki da baki, ya sake allurar, na ga rabin abin da nake kira C na injin ne. Wallahi daren nan ko shayi ban sha ba. Kai ka fara da wannan awon tun makon farko, ka cire shi daga kowane sakamako. Kuma in matsi ya yi yawa, ruwan yakan yi zafi a cikin kolom, shi ma ya ɓata lissafi.

Kada ka damu don ba ka taɓa injin ba, mako biyu hannunka zai faɗa. Lissafi ne ke kayar da mutane. Ka koma kan kalkulas, ka koyi Python ko da a tsohuwar laftof ce, kafin biza ta fito.

Kilishi kada ka ɗauko, ba a shiga Turai da nama. Kuka dai ka taho mini da ita. Ka gaida Hajiya.