Amsa ga mai tambayar kujerar filawud mai wurin ajiya

'Yar'uwa, da na ga kin ce falonku bai da wurin kabad, kina so ku haɗa kujera mai zaman mutum uku da za a riƙa zuba barguna a cikinta, kuma kina tambaya ko filawud mai kaurin milimita 12 zai isa, wallahi sai na ji kamar bakina kika ara. Bai isa ba. Wurin zama da gefuna ki sa mai milimita 18. Na 12 ki yi amfani da shi a wurin jingina baya da kuma ƙasan akwatin ajiyar.

Ni abin da ya same ni har yau yana ci mini rai. Da muka tashi haɗa irin wannan kujerar, mutumin da muka ba aikin yankan katakon ya rantse mana filawud ne mai kyau, ashe garin katako ne da aka matse aka lulluɓe shi da fallen itace. Murfin kuma ƙananan hinji biyu kawai ya ɗaura masa, babu abin tokare shi. Ranar nan ƙaramar 'yata ta ɗaga za ta ciro abin wasanta, sukurun hinji ya fita daga wannan rubabben katako, murfin ya faɗo mata a kan yatsu. Ihun da ta yi, ina kicin na ji shi har cikin ƙashina. Farce ɗaya ya yi baƙi, daga baya ya fita. Da muka koma masa ko sannu bai ce ba, wai yara ne ba sa jin magana. Yarinyar da ko iya ɗaure takalminta ba ta yi ba! Na bar shi da Allah.

Don haka kafin a yanka, ki duba bakin katakon da idonki. Filawud na gaske za ki ga layi-layi na siraran itace an jera su, kowane yana gicciye da na kusa da shi, shi ne ƙarfinsa. Idan kin ga gari-gari, ki ajiye. Ruwan goge ɗaki kaɗai zai kumbura shi. Shi ya sa ma ki sa wa kujerar gajerun ƙafafu.

Murfi ki raba shi biyu ko uku, kada ya zama ɗaya dogo, ya yi nauyi. A sa dogon hinji mai bin tsawon murfin duka, da sandar gas mai riƙe shi in an ɗaga. Don Allah kada ki ce sai daga baya. Ƙarƙashin kowace mahaɗar murfin a tsaya da allon tsakiya, domin filawud yana lanƙwashewa idan tazarar ta wuce santimita 60 ba abin da ya tallafe shi.

Af, sukuru ba ya riƙe bakin filawud da kyau, yana tsaga shi. A fara huda ramin, a shafa gam, a sa ɗan katako mai ƙwari a kusurwoyin ciki a ɗaure a jikinsa.

Tsayi kuwa, da soso da komai ya tsaya wajen santimita 43 zuwa 45. Idan sosonki santimita 10 ne, akwatin ya zama wajen 35 har da ƙafafu. Ki nemi soso mai nauyi, mara nauyin nan da nan yake kwantawa har ki ji katako. Fallen filawud ƙafa 4 ne da ƙafa 8, ki zana yankan a takarda tukuna. Ki auna faɗin ƙofarki ma.

Ki huda ramuka kaɗan a baya iska ta riƙa shiga, in ba haka ba barguna za su yi fumfuna. A goge bakunan da sanfefa sosai, a shafa banish ciki da waje, a bar shi a buɗe ya sha iska har warin ya tafi kafin ki zuba kaya. Idan kin auna falon ki turo, in taya ki lissafin yankan.