Kada ka bar garin alminiyum a sito mai yoyo

Malam, da na karanta tambayarka a kan ko za ku iya barin durom-durom na garin alminiyum a sito mai yoyo har damina ta wuce, tunda kuna da tukunyar kashe gobara, sai gabana ya faɗi, domin irin wannan lissafi ne ya kusa halaka mu a masana'antar fentin da na yi wa aiki.

Mun sha gaya wa manajanmu cewa rufi yana zuba, amsarsa kullum ita ce babu kuɗin gyara. Wata safiya muka tarar da wani durom ya ɗauki zafi, murfinsa ya kumbura, saboda danshi idan ya ratsa garin alminiyum ko na magnesiyam yakan haifar da zafi da iskar haidurojin, wadda tartsatsi ɗaya ya isa ya sa ta kama da wuta. Wani lebura ya rugo da bokitin ruwa zai watsa, Allah ya sa dattijon da ke kula da siton ya riƙe masa hannu. Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne, da manajan ya iso bai tambayi lafiyar kowa ba, sai kilo nawa ya lalace, kuma a gabanmu ya ɗora wa dattijon nan laifi.

Tukunyarku idan ta ruwa ce, ko ta kumfa, ko ta kabon dayoksaid, ba ta wannan aikin ba ce, hasali ma magnesiyam yana ci gaba da ci a cikin kabon dayoksaid. Ku nemi ta rukunin D, wato wadda aka yi don kashe gobarar ƙarafa irin waɗannan, ku tanadi busasshen yashi, kuma a hankali ake zubawa don kada gari ya tashi sama. Ƙurar da ta taru a kan katako da cikin bututu ma abin tsoro ce, ita ta fashe a masana'antar goge ƙafafun mota da ke Kunshan a ƙasar Sin a 2014, mutum 146 suka rasu. Saboda haka kada kowa ya hure ta da iskar kwamfresa, kuma ku nisanta garin da tsatsar ƙarfe.

Ka rubuta wa shugabanninku takarda ka ajiye kwafi, domin ranar da abu ya faru kowa zamewa yake yi. Durom-durom ɗin kuwa a mayar da su busasshen ɗaki a yau, a kan katako, murfi a rufe gam.