Amsa ga ƙanenmu mai neman masu zuba jari

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce kana da manhaja ta rubuta bashi da ciniki don ƴan kasuwa, kuma abokanka na Yamai suna ta ce maka ka bar komai ka nemi masu zuba jari na waje, wasu kuma sun ce harkar duk caca ce, to wanne za ka kama?

Ni dai shekaru ke nan ina sa wa masu lambu famfon sola wajen Mirya, kuma na zauna da masu jarin nan ba sau ɗaya ba, don haka bari in gaya maka yadda suke lissafi. Su kuɗin ba nasu ba ne, na mutane ne suka tara, galibi da wa'adin shekara 10, kuma sun riga sun san yawancin kamfanonin da suka sa wa kuɗi mutuwa za su yi, ɗaya ko biyu ne za su biya asarar sauran. Shi ya sa ba ruwansu da ribarka ta wata, so suke ka kumbura da sauri su sayar da kasonsu ga wani da tsada. Kamar filayen bakin gari ne da ake saye ba don gini ba, sai don jiran wanda zai ƙara kuɗi.

Kuma wannan darajar kamfani da kake ji ana faɗa ba kuɗi ba ne a aljihu fa, farashin da mai saye na ƙarshe ya yarda da shi ne kawai. WeWork a Amurka an ce ta kai dala biliyan 47 a 2019, alhali hayar ofis take yi tana sake bayarwa haya, a 2023 ta karye. Theranos an ce biliyan 9, injin gwajin jinin bai taɓa yin abin da aka ce yana yi ba, mai kamfanin Elizabeth Holmes tana gidan kaso.

Amma wallahi wanda ya ce maka duk caca ce bai yi adalci ba. Paystack ta Legas ta gyara wata matsala ta gaske, karɓar kuɗi ta intanet, kamfanin biyan kuɗi na Amurka mai suna Stripe ya saye ta a 2020 sama da dala miliyan 200. Wave, mai aika kuɗi ta salula a Senegal, ta sauko da kuɗin aike zuwa kashi 1 cikin ɗari, talaka ya gani a aljihunsa. Nan gida ma Abdou Maman Kané ya yi na'urar da manomi zai kunna ban-ruwa da salula daga nesa, har ya ci kyautar ruwa ta duniya ta Hassan II, da Maroko ke bayarwa, a 2015. Waɗannan in mai jari ya janye gobe, akwai mutanen da za su ji zafin rashinsu.

Abin da ya fi damuna da yaranmu shi ne wasu sun mai da gasa da taron otal sana'a, a hau mumbari a yi Faransanci mai daɗi a karɓi kyauta, shekara ta zagayo babu mai saye ko guda. Ni manomin da ya ga ruwa na zuba a kan albasarsa ba tare da ya sayi esansi ba, ya shiga ɗaki ya ƙirgo kuɗi har da ƴan canji ya ba ni, washegari ya kawo maƙwabcinsa, shi ne shaidata.

To ka shiga Kasuwar Dole ta Damagaram da manhajar, ka samu masu shago su yi aiki da ita, ka ga ko tana tafiya in rezo ya ɗauke ko babu kuran, ko wanda bai yi lakwal ba zai iya, sannan ka ce su biya ko jika guda a wata. Wanda ya biya wata na biyu ba tare da ka bi shi ba, rubuta sunansa. In sun taru, sannan ka zauna da mai jari, ko Alhajin unguwa ne a yi kashi-mu-raba. Kuma don Allah kar ka sa hannu a takardar kaso sai wanda ya san doka ya karanta maka, musamman wurin da ya ce wa ke da ikon sayar da kamfanin.