Risiba Ɗaya, Talabijin Uku: Za Ta Wadatar da Gidan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da dish da risiba ɗaya a falona, ta tashoshin kyauta ce, an saita ta a kan Nilesat. Kwanan nan na saya wa mahaifiyata talabijin. Ɗakinta yana can ƙuryar gida, zai kai mita 25 daga falo. Akwai kuma wani tsohon talabijin a ɗakin iyalina, wanda bango ɗaya ne ya raba mu. Wani yaro a unguwarmu ya yanke wayar da ta sauko daga dish, ya sa mata sifilita, wato ɗan ƙarfen nan mai raba waya ɗaya zuwa wurare da yawa, ya ja zuwa ɗakunan biyu ya soka a bayan talabijin ɗin. Babu abin da ya fito sai ɗigo-ɗigo da ƙarar shuu, nawa ma hoton ya fara tsattsayawa. Shin risiba ɗaya za ta ishe mu, ko dole sai na ƙara saye? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya saka maka da alheri bisa wannan hidima da kake wa Hajiya, ya sa albarka.

Bari mu fara da aikin yaron nan, domin shi za a fara warwarewa. Abin da ke saukowa daga dish ba hoto ba ne tukuna. Ɗanyen sigina ne, mai tafiya tsakanin megahaz 950 zuwa 2150, kuma ramin eriya na talabijin bai san wannan yaren ba, don shi iyakarsa wajen 860. Risiba ce take karɓar ɗanyen ta mai da shi hoto da murya. Bayan haka, wannan wayar ba saukowa kaɗai ake yi ta cikinta ba. Risiba tana tura wuta sama, bolt 13 ko 18, zuwa ga LNB, wato ɗan kan nan da ke maƙale a gaban faranti yana fuskantarsa. Da aka yanke wayar aka sa sifilita, an rage ƙarfin abin da ke iso maka, kuma wasu sifilitocin ma ba sa barin wutar ta wuce yadda ya kamata. Dalilin tsattsayawar hotonka ke nan. Ka cire sifilitar, ka sa sabuwar waya guda daga dish har risiba, ko a haɗa yankakkiyar da mahaɗin ƙarfe mai murɗawa, ba a murɗe ta da hannu a naɗe da salatif ba.

Idan risiba ɗaya za a raba, a bayanta ake rabawa, wato abin da ta riga ta fitar. Wannan yana yiwuwa ƙwarai. Amma akwai magana ɗaya da nake so ka riƙe kafin ka kashe ko sisi, don yawancin masu zuwa mini da wannan buƙata ba su san ta ba sai bayan an gama ja musu waya. Risiba irin taka tasha ɗaya take buɗewa a lokaci guda. Tukunya ɗaya ce, abin da aka ɗora shi za a zuba wa kowa. Ko talabijin goma ka haɗa, abu ɗaya za su nuna.

Ka dubi yadda wannan zai kasance a gidanka. Bayan Magariba Hajiya ta zauna a kan dardumarta tana kallon Harami kai tsaye, ko tana sauraren tafsiri. Kai kuma ka shigo falo ka ɗauki rimot ka mayar labarai. Nan take nata ya juya, ba tare da ta taɓa komai ba. Ranar da ka fita da sassafe ka kashe soket ɗin falo ka kulle ƙofa, ita ma nata ya mutu sai ka dawo. Dattijuwa ba lallai ta yi maka ƙorafi ba, za ta dai daina kunnawa, kai kuma kana zaton tana jin daɗin abin da ka saya mata. Na ga wannan a gidaje da yawa, kuma shi ya sa ba na ba da shawarar a ɗaura uwa a kan risibar ɗanta.

Don haka ɗakin Hajiya a ba shi risibarsa. Ba sai an ƙara dish ba. Abin da za a canza shi ne LNB: a cire mai baki ɗaya a sa mai baki biyu, kowane baki da wayarsa, ɗaya ta sauka falo, ɗaya ta tafi ƙuryar gida. Mita 25 ba komai ba ne ga waya mai kyau irin RG6. Tunda tashoshin kyauta ne, babu kuɗin wata, sau ɗaya za ka saya ka huta. In ka lissafa kuɗin na'urorin da za su kai hoto mai kyau wannan nisan daga risibar falo, sau da yawa za ka tarar ƙaramar risiba da LNB ɗin ba su fi su tsada ba. Kafin ka saya ma, leƙa bayan sabon talabijin ɗin nata. Wasu na zamani suna zuwa da risiba a cikinsu. Za ka ga rami mai zare, wanda ake murɗa waya a kai, an rubuta LNB ko SAT a gefensa. In akwai shi, waya kawai za a kawo.

Wani zai ce, to a sa sifilita mana a raba wa risiba biyu waya ɗaya. A nan ma akwai matsala. Tashoshin tauraron ɗan'adam kashi-kashi ne: wasu a tsaye suke zuwa, waɗanda ake rubuta wa V, wasu a kwance, masu H. Risiba tana gaya wa LNB wanda take so ne ta hanyar wutar nan, 13 don V, 18 don H, sannan tana ƙara wani ɗan sauti na kilohaz 22 idan tana son tashoshin da ke kan manyan lambobin megahaz. LNB mai baki ɗaya umarni ɗaya yake bi. In risiba biyu suka ba shi umarni mabambanta, ɗaya za ta rinjaya, ɗayar ta rubuta babu sigina. Ramin nan da aka rubuta wa LOOP OUT a bayan wasu risibobi ma haka yake, ta biyun tana bin ta farko ne. Mai baki biyu shi ke raba gardamar, akwai kuma mai baki huɗu ga babban gida.

Ɗakin iyalinka kuwa, nan ne rabawar take da ma'ana, matuƙar kun yarda ku riƙa kallon abu ɗaya, kuma mai yiwuwa ba za ka sayi komai ba sai waya. Juya risibarka ka duba bayanta. Galibi za ka ga ramin HDMI, ka kuma ga ramukan AV guda uku, rawaya na hoto, fari da ja na murya, kuma yawancin risibobi suna fitarwa ta duka biyun a tare. Ka bar HDMI wa talabijin ɗin falo, ka huda bango ka zura wayar AV zuwa tsohon talabijin ɗin. Shi ke nan. Mita biyar ko shida ba za su ɓata hoton ba, amma in ta yi tsawo sosai sai ka fara ganin dishi-dishi da jin gunji a murya.

Idan nisan ya fi haka, tsohuwar hanyar RF, wato aika hoto da murya ta wayar eriya, tana nan. Tsofaffin risibobi suna da ramin RF OUT. A ja wayar eriya daga nan zuwa ramin eriya na talabijin, a sa shi ya nemo tasha kamar yadda ake neman NTA a da, zai kama risibar a ɗaya daga cikin lambobin UHF, tsakanin 21 da 69. Sababbi da yawa ba su da wannan ramin, sai a sayi mojuleta, ɗan akwatin da ke karɓar AV ya mai da shi RF. A wannan layin ne sifilitar yaron nan za ta yi amfani, sai dai kowace rabawa biyu tana cinye fiye da rabin ƙarfin sigina. In hoto ya fito amma murya tana shuu, ba lalacewa ba ce: shiga saitin sauti na talabijin ka gwada tsakanin BG da I da DK har ta daidaita. Hoton RF dai ba zai kai na HDMI kyau ba, a babban allo za ka ga bambancin.

Wanda duka talabijin ɗinsa na zamani ne, sifilitar HDMI zai nema, mai haɗe da cajarta. A kula a kasuwa, akwai wani akwati mai kama da ita wanda aikinsa akasin haka ne, yana tara na'urori da yawa zuwa talabijin ɗaya. Ka tabbatar taka shiga ɗaya ce, fita biyu ko huɗu. Wayar HDMI ta kan fara gardama daga mita 10 zuwa 15. Fiye da haka sai a sa na'urar tsawaitawa mai akwati biyu, a haɗa su da wayar intanet ta Cat6, wadda kan kai wajen mita 50.

Saura rimot. Haskensa ba ya ratsa bango, don haka daga ɗaki ba za a iya canza tasha ba sai an fito falo, ko a sayi ɗan idon da ke karɓar hasken rimot a ɗaki ya isar da shi gaban risiba. Masu DStv kuma da ke son kowane ɗaki ya kalli nasa, kamfanin yana da tsarin XtraView, wanda ke haɗa dikoda har uku a gida ɗaya kan biyan wata guda da ɗan ƙari.

Ina roƙonka abu ɗaya wajen aikin: a zare risiba daga wuta gaba ɗaya kafin a taɓa wayar dish. Kwanakin baya an kawo mini wata risiba da ta daina kama komai. Da na kwance kan wayar, sai ga silin ƙarfe ɗaya tak, siririn gashi daga ragar da ke kewaye da wayar, ya lanƙwashe ya taɓa jan ƙarfen tsakiya. An murɗa ta ne risiba tana kunne, wutar ta haɗu, ɓangaren da ke ciyar da LNB ya ƙone. Idan an fere waya, a mayar da ragar baya tsaf, a duba da ido kafin a murɗa. Mahaɗan da ke waje a naɗe su da kyau saboda damina, a ɗan sako wayar ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗiga a waje, kuma kada a jera ta a bututu ɗaya da wayar lantarki. In hadari ya taso da tsawa, a zare wuta da wayar dish duka.

Kada a buga ƙusoshin riƙe waya sai an shimfiɗa ta a ƙasa an gwada an ga hoto a kowane ɗaki. Idan an gama na Hajiya, ka zauna da mai haɗawar ya goge tarkacen tashoshin da ba ta buƙata, waɗanda Nilesat ke cike da su, ya jera mata nata a lamba 1 zuwa 5, ka nuna mata maɓallin sama da na ƙasa.