Tambaya da Amsa: Darbejiya da tafarnuwa na maganin ciwon wuyan shinkafa?

Tambaya: Malam, bara shinkafata ta yi kyau har ta fitar da kai, sai wuyan zangarniyar ya yi baƙi, kan ya bushe fari fat, ba tsaba. Kafin nan ganyen ya yi tabo mai siffar ido, tsakiyarsa ruwan toka. An ce in fesa ruwan darbejiya da tafarnuwa. Yana yi kuwa?
Daga wani manomin shinkafa.

Amsa: Allah ya mayar maka da alheri, ɗan'uwa. Wannan cutar bilas ce, wata fumfuna ce da iska ke ɗauka daga gona zuwa gona. Tana son raɓar da ke daɗewa a ganye, tana kuma son shinkafar da aka cika wa yuriya.

Ruwan tsirrai yana taimakawa, amma a matsayin riga-kafi. Zangarniyar da wuyanta ya riga ya ruɓe ba ta dawowa, ko me ka fesa. Tafarnuwa idan aka daka ta tana sakin sinadarin alisin, mai hana fumfuna yaɗuwa, sai dai ba ya jimawa. Ka daka, ka tace, ka fesa ran nan; ba a ajiye shi. Darbejiya kuwa ta fi ƙarfi a kan ƙwari, a kan fumfuna rage ta kawai take yi. Ka daka giram 50 na ƙwayar 'ya'yanta ga kowace lita ta ruwa, ya kwana a jiƙe, ka tace da ƙyalle don kada ya toshe bakin injin feshi, ka sa ɗan sabulu ya kama ganye. Da yamma ake fesawa, domin rana na kashe ƙarfinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Mutane sukan jira sai sun ga farin kai. Ka fara tun ganin tabon farko, ka maimaita sa'ad da shinkafar ta yi ciki, sannan da ta soma fitar da kai. In ruwa ya wanke, a sake.

Yuriyar nan ka raba ta kashi-kashi, kada ka zuba gaba ɗaya. Kada ka ɗebi iri daga gonar bara, ka kuma kwashe karan da ya kamu. In duk da haka tabon na ƙaruwa gab da fitar kai, ka nemi malamin gona ya duba maka maganin fumfuna na feshi mai suna tiraisaikilazol.